Saniyar Roba da Likitan Darrowby

Saniyar da ake cusa wa hannu a sabon shirin All Creatures Great and Small ba saniya ba ce. Roba ce aka ƙera da siffar bayan saniya, aka lulluɓe ta da gashi, aka shafe ta da yauƙi. Sai a kawo mai rai a ɗauki kanta da idanunta, mai haɗa hoto ya ɗinke biyun. Dokar kare dabbobi ta Birtaniya a yau ba ta yarda wanda ba likita ba ya yi wa dabba irin wannan aiki don kawai a ɗauki fim, balle dabbar da lafiyarta ƙalau. A 1978, lokacin da BBC ta fara nuna nata shirin a kan wannan labari, ba haka ake yi ba. Christopher Timothy, wanda ya fito a matsayin likitan, tuɓe riga yake yi, ya shafa sabulu har kafaɗa, ya tura hannu cikin saniya ta gaske, likitan dabbobi na tsaye bayan kyamara yana gaya masa abin da zai taɓo. Duk wanda ya kalli tsohon ya zo ya kalli sabon zai ji a jikinsa cewa an rage wani abu. Tsofaffin 'yan kallo kuwa sun faɗa sun maimaita: sabon ya cika tsafta.

Ga wanda bai san shirin ba, labarin ba shi da tsawo. Wani saurayi daga Glasgow, James Herriot, ya gama karatun likitan dabbobi a ƙarshen shekarun 1930, lokacin da aiki ya yi wuyar samu, ya dace da gurbi a wani ƙaramin gari mai suna Darrowby a tuddan Yorkshire, arewacin Ingila. Maigidansa Siegfried Farnon mutum ne mai kirki, mai saurin fushi, mai mantuwa, wanda zai kafa doka da safe ya karya ta da la'asar, ya kuma dage cewa bai taɓa kafa ta ba. Akwai ƙanensa Tristan, ɗalibi mai son shagali da faɗuwa jarrabawa. Akwai Misis Hall mai kula da gida, da Helen 'yar manomi wadda James zai aura, da wata attajira Misis Pumphrey mai ɗan kare Tricki Woo, wanda take ɗura wa kek da nama har tafiya ta gagare shi. Shi ke nan. Ba a kashe kowa, ba a sace kowa, babu wani mugu da za a zauna jiran ranar tonon asirinsa. Babban tashin hankalin mako shi ne ko maraƙi zai fito da rai, ko manomi zai biya kuɗin magani.

Sunan Herriot na aro ne. Mutumin na gaske shi ne James Alfred Wight, an haife shi a 1916, ya gama kwalejin likitan dabbobi ta Glasgow a 1939, ya kama aiki a 1940 wurin Donald Sinclair a garin Thirsk, gida mai lamba 23 a titin Kirkgate, bai kuma bar yankin ba har ya rasu a 1995. Ya haura shekara hamsin kafin littafinsa na farko ya fito a 1970. Darrowby babu shi a taswira. Wight ya haɗa garuruwa da yawa ya yi guda, ya matsar da shi cikin tuddai, ya ja farkon labarin baya zuwa 1937, ya kuma kwashi abubuwan da suka faru da shi daga baya ya zuba su a wancan zamani. Wato tun ranar farko, labarin waiwaye ne. Dattijo ne a 1970 yake tuna ƙuruciyarsa, BBC ta zo a 1978 ta tuna masa tunaninsa, tashar Channel 5 kuma ta zo a watan Satumban 2020 ta tuna abin da BBC ta tuna. Kowane zagaye sai an ɗan ƙara wanke shi.

Wani abin lura shi ne lokutan da labarin ke yin tashe. Ya shiga Amurka a 1972, ƙasar na fama da yaƙin Biyetnam, ya kuma sayu kamar me. Shirin BBC ya fara a shekarar da ta ƙare da guguwar yajin aiki, wadda a farkon shekarar da ta biyo baya ta bar shara jibge a titunan Landan. A lokacin tashoshin talabijin uku ne kacal a Birtaniya, don haka gida ɗaya, akwati ɗaya, kaka da jika su zauna su kalli abu guda, washegari a yi zancensa a wurin aiki. An yi kashi 90 kafin a rufe a 1990. Sabon kuwa ya faɗo a tsakiyar annobar korona, ya isa Amurka ta tashar PBS a Janairun 2021, mutane na kulle a ɗaki suna ƙirga gawa a labarai. Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane abin da ya sa miliyoyin mutane suka rungume shi. Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Abin da 'yan kallo ke faɗa a kan shirin ya fi shirin kansa ba ni sha'awa. Kalmar da ta fi yawa a bakinsu ita ce natsuwa. Wannan ta ce shi take kallo kafin ta kwanta. Wancan ya ce shi kaɗai ne abin da zai kunna gaban mahaifiyarsa da 'ya'yansa ba tare da yatsansa na kan rimot ba. Wasu Amurkawa na kunna rubutun ƙasan allo saboda harshen manoman Yorkshire ya fi ƙarfin kunnensu, amma ba su fasa ba. Akwai waɗanda suka shekara suna jiran ranar da Siegfried zai buɗe baki ya gaya wa Misis Hall abin da kowa ya riga ya gani. Da Callum Woodhouse, mai fitowa a Tristan, ya ɓace a zango na huɗu, an yi ta ƙorafi kamar wani ɗan gida ne ya yi tafiya ba sallama, aka kuma yi murna da ya dawo a na biyar. Diana Rigg, wadda ta fara fitowa a Misis Pumphrey, ta rasu kwanaki kaɗan bayan fara nuna shirin, mutane suka ci gaba da ganinta a allo tana lallashin karenta alhali ta riga mu gidan gaskiya. Wannan ma ya ƙara wa shirin nauyi a zukata.

A ɗaya gefen kuma ga tsofaffin hannu, waɗanda suka tashi da na BBC. Su a wurinsu Siegfried ɗaya ne, Robert Hardy, duk wanda ya zo bayansa baƙo ne. Suna cewa sabon ya rage dabbobi ya ƙara soyayya. Suna cewa rigunan sun cika guga, ɗakin girkin ya cika haske, manoman sun cika fara'a, kuma mutanen Yorkshire na 1938 ba sa zama su zazzage wa juna abin da ke ransu kamar yadda ake sa su yi yanzu. A wannan batu na ƙarshe ina ganin suna da gaskiya. Manomin tsohon shiri, in ka cece masa saniya cikin dare, iyakar godiyarsa ya ce ka shigo ka sha shayi, ko ya saka maka guntun naman alade da ƙwai a kujerar mota ba tare da ya ce uffan ba. Wanda ya tashi cikin dattawan da ke ganin yabon mutum a gabansa rashin ta ido ne zai gane wannan hali nan take. Kunya ce, da kawaici. Sabon shirin yana tsoron kada ɗan kallo ya kasa karanta shiru, sai ya sa a furta.

Na taɓa nuna wa kawuna guntayen shirin biyu a waya. Shi ya yi rayuwarsa cikin shanu, bai jin Turanci, bai kuma nemi a fassara masa ba. Na fara da tsohon. Likita kwance a kan dutsen barga, ba riga, fitila na rataye, tururi na fita daga bakinsa, bokitin ruwa a gefe da guntun sabulu da tsumman buhu. Kawu ya matso da wayar kusa da ido.

"Kan maraƙin ne ya juya baya," in ji shi. "Dubi yadda yake neman haɓa. Igiya zai saka."

Sai ga igiya. Kawu ya yi dariya, ya daki cinya.

"Wannan ya taɓa yi. Amma ɗan nan, sanyin ƙasarsu ba ya kashe su? Mutum tsirara haka!"

Na juya masa sabon. Ya kalla shiru na ɗan lokaci, sannan ya miƙo mini wayar.

"Saniyar nan ba naƙuda take yi ba. Tuƙa take yi abinta."

"Kawu, ai wasa ne."

"Na sani. Amma wancan ma ai wasa ne."

Ban ba shi labarin roba ba, bai kuma buƙata ba. Abin da ya fi ɗaure masa kai, wanda ya yi ta komawa kansa har muka tashi, shi ne Tricki Woo: a ce likita sukutum ya tada mota ya tafi gidan mace don kare ya ƙoshi da yawa, a kuma biya shi.

Dariyar Kawu ta taɓo ainihin abin da ya sauya. Ɗan kallon Landan ko New York na yau ta ƙofar Tricki Woo yake shiga shirin, domin dabbar da ya sani ita ce wadda ke kwana a kan kujerarsa. In kare ya mutu a shirin, sai ka ji ana cewa an sha kuka, har wasu na neman a riƙa yi musu gargaɗi tukuna. In saniya ta mutu, abin tausayi ne, a wuce. A zamanin da labarin ke bayarwa kuwa, akasin haka ne. Manomi mai shanu goma sha biyu a kan tudu, in guda ta faɗi, kuɗin hayar gona ne ya faɗi, takalman yara ne, wataƙila gonar ce ɗungum. Nagge daɗi goma, in ji kirari, kuma rashinta ma baƙin ciki goma ne. Wight ya san haka, shi ya sa tashin hankalin da ke cikin littattafansa na gaske ne duk da barkwancin da ya lulluɓe shi. Shi da kansa ya ga yadda aikin ke juyawa: karnuka da kyanwoyi, waɗanda tsofaffin likitoci ke yi wa kallon aikin raini, su ne suka zo suka riƙe sana'ar.

Kafin mutum ya ce da ma a koma wancan zamani, ya kamata ya leƙa cikin jakar likitan. Me ke ciki? Kwalabe masu kyawun lakabi da ruwa mai launi, man gelo, tafentain, garin ƙone-ƙone, da sirinji. Babu fenisilin, sai bayan yaƙin duniya na biyu ya iso hannun likitocin dabbobi. Magungunan salfa ma a lokacin suke shigowa. Saniya ta kamu da ciwon hantsa ko ɗan maraƙi ya kamu da ciwon huhu, sau da yawa iyakar likita ya ɗura abin da ya samu, ya ce a rufa ta da bargo, ya koma mota yana addu'a. Ba da daɗewa ba kafin zuwan Wight, saniyar da ta faɗi bayan haihuwa famfo ake sa wa a kan nono a hura mata iska a hantsa, kuma abin mamaki yana aiki, sai daga baya aka gane ƙarancin sinadarin kalsiyam ne, allura ɗaya ta tashe ta. Manoma na da nasu ilimin na kaka da kakanni: wai tsutsa ce ke shiga wutsiyar saniya ta hana ta tashi, sai a tsaga wutsiyar a zuba gishiri. Likita saurayi ya zo da karatunsa, dattijo ya dube shi sama da ƙasa ya ce ubansa ma haka ya yi.

Ga kuma tarin fuka. A shekarun 1930 an ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na shanun madara a Birtaniya na ɗauke da shi, kuma mutane sama da 2,500 ke mutuwa duk shekara ta dalilinsa, yawancinsu yara masu shan madarar da ba a dafa ba. Koren tudun nan da ke sanyaya wa ɗan kallo rai, da farar madarar da ake zubawa a tulu, a cikinsu cutar take. Sabon shirin, a yaba masa, bai ɓoye wannan ba. Zango na uku ya tsaya a kan gwajin tarin fuka da yadda manoma ke gudunsa, domin in aka samu saniya ɗaya da shi, yanka ta za a yi, a kuma hana garken motsi. Wight na gaske a gwajin nan ya yi kwanakin amarcinsa a 1941, shi yana duba wuyan shanu, amarya Joan na rubuta lambobi. Shi kansa ya kwashi bakkale a wurin shanu, zazzaɓin ya yi ta dawo masa shekara da shekaru. Hannun nan da ake turawa ba safa, wanda muke yabo a tsohon shiri, ta nan cutar ke shiga.

Wannan gudun gwaji ban ga baƙonsa ba. Ina yaro lokacin da bushiya ta ratsa arewacin Najeriya a 1983, kuma abin da ya zauna mini har yau wari ne, da ungulu, da dattijon da na gani zaune a bakin garken da ba kowa a ciki, sandarsa a kan gwiwa. Na kuma tuna malaman dabbobi da akwatin ƙanƙararsu, a tara shanu a shinge, a yi allura, a ɗan yanke gefen kunne don shaida. Wasu makiyaya kan kora rabin garke daji kafin su iso, saboda a tunaninsu duk mai ƙirga shanu ɗan jangali ne, ko da ya zo da magani. Ingila ma ta sha wannan cuta a 1865, ita ce ma ta sa gwamnatinsu ta kafa sashen kula da lafiyar dabbobi. A 2011 aka ayyana cewa an kawar da bushiya daga doron ƙasa baki ɗaya. Dattijon nan mai sanda, da za a tambaye shi ko yana kewar zamanin da, na san amsar da zai bayar.

To me 'yan kallo ke kewa, tun da ba tarin fuka ba ne? Ni a ganina, sanayya ce. A Darrowby likita ya san manomi, ya san ubansa, ya san sunan saniyar da halinta, ya san wanda zai biya ran kasuwa da wanda sai an bi shi shekara. Kuɗin asibitin a cikin wata moɗa ake cusa su a kan kantar murhu, kowa ya ɗiba. Waya in ta yi ƙara ƙarfe biyun dare, wanda ka sani ne zai ɗauka, shi ne kuma zai fito cikin dusar ƙanƙara a motar da ba ta da abin ɗumama ciki, ya buɗe ƙofofin shinge bakwai kafin ya iso gare ka. Mai kallo a yau, wanda in ya kira asibitinsa na mutane na'ura ce za ta ce ya danna ɗaya ko biyu, yana ganin saniyar 1938 ta fi shi gata. Ba ƙaramin abu ba ne a ce wanda zai duba ka ya san gidanku.

Sai dai wannan sanayya wani ne ke biyan kuɗinta da jikinsa. Likitan da ke zuwa ko yaushe likita ne da ba shi da daren kansa. Wight ya yi fama da matsananciyar damuwa a wajajen 1960, abin da ɗansa Jim ya bayyana a tarihin da ya rubuta na mahaifin nasa. Littattafan da shirin sun sa dubban yara sha'awar wannan sana'a, da yawa daga likitocin dabbobin Birtaniya da Amurka za su gaya maka Herriot ne ya jawo su. Suka shigo suka tarar da bashin karatu, da dogon aiki, da masu dabbobi da ke zaginsu a kan kuɗi. Bincike a Birtaniya ya daɗe da nuna cewa yawan masu kashe kansu a cikin likitocin dabbobi ya ninka na sauran jama'a sau uku zuwa huɗu. Likitan yau da ya ce shi ba zai yi kwanan waya kullum ba, a miƙa dare ga wani asibitin, ban ga laifinsa ba, ko da kuwa hakan na nufin baƙo ne zai zo maka.

Gonakin ma da za a je sun ƙare. Doki ne ya fara tafiya. Wight ya iso daidai lokacin da tarakta ke korar manyan dawakan garma, waɗanda a kansu aka gina ilimin likitan dabbobi gaba ɗaya, har ya ga bargar da ke cike da ingarmu ta koma ɗakin ajiye inji. Daga nan sai ƙananan manoma. Bayan yaƙi masu tatsar madara a Birtaniya sun haura 100,000 nesa ba kusa ba, yau ba su kai 10,000 ba, kuma garke ɗaya kan kai ɗaruruwa. Mai shanu ɗari biyar ba ya kiran saniya da suna, lamba ce a kunne, likitansa kuma da kwamfuta yake zuwa, ya duba lissafin garke, ya tsara rigakafi. Shanun sun fi lafiya, madarar ba ta kashe yara. A 2001 cutar baki da kofato ta sa aka hallaka dabbobi sama da miliyan 6 a ƙasar, hayaƙin ƙona su ya turnuƙe arewacin Ingila, har da tuddan da ake ɗaukar shirin nan, wasu iyalai kuma daga nan ba su sake kiwo ba. Asibitocin ma sun sauya hannu. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta ce a 2013 kusan kashi 10 cikin 100 na asibitocin dabbobi ne ke hannun manyan kamfanoni, amma zuwa 2024 sun kusa kashi 60, kuma kamfanoni shida ne ke riƙe da su. Allon ƙofa na nan da tsohon suna, moɗar kan murhu ce ta koma wani ofishi mai nisa.

Akwai wurin da na raba gari da tsofaffin hannu, wato batun mata. A tsohon shiri Misis Hall inuwa ce mai kawo abinci ta kwashe kwano. A sabon, Anna Madeley ta mai da ita mutum: sunanta Audrey, tana da miji da ta baro, da ɗa da ke ci mata rai, kuma kowa ya san ita ce ginshiƙin gidan. Helen ta Rachel Shenton manomiya ce mai jan bijimi da igiya, ba mai jiran miji da shayi kawai ba. Wasu na cewa an cusa tunanin yau a bakin mutanen jiya. Ni kuwa ina ganin matan nan suna can tun asali, suna tatsa, suna riƙe lissafi, suna tashi cikin dare su ɗora ruwan zafin da likita zai wanke hannu, ba a dai juya kyamara wajensu ba ne. Kuma sana'ar da a 1937 kusan duk maza ne, yau mata sun fi yawa a cikinta a Birtaniya, a azuzuwan koyonta ma sun yi rinjaye sosai. Yarinyar da ke kallon shirin tana mafarkin zama likitar dabbobi ba za ta yarda a ce mata wurinta ɗakin girki ba ne. Haka Siegfried na Samuel West, wanda aka ba shi tabon yaƙin duniya na farko da dawakan da aka harbe a gabansa: an rage masa ban dariya, an ƙara masa dalili. Donald Sinclair, wato Siegfried na gaske, a ce yana raye, wataƙila da ya fi son wannan, domin an san bai ji daɗin yadda abokin aikinsa ya zana shi a littafi ba.

Mu ma da muka tashi da Samanja da Karkuzu a akwatin gidan maƙwabci mun san irin wannan gardama, duk lokacin da aka ce wasan da ya fi na yanzu. Rabinta gaskiya ce, rabi kuwa tabarmar da muka zauna a kai muke tunawa da waɗanda muka zauna tare. Mai cewa Robert Hardy ya fi, sau da yawa daren Lahadi yake nufi, da mahaifinsa a kujera, da ƙamshin abincin da aka gama ci. Sabon shirin kowa a wayarsa yake kallo, a lokacin da ya ga dama, shi kaɗai, sannan ya fita neman waɗanda zai yi zancen da su a cikin baƙin da bai taɓa gani ba.

Garuruwan kuwa sun sami sabuwar sana'a. Askrigg, inda BBC ta ɗauki nata, da Grassington, inda ake ɗaukar na yanzu, suna cika da baƙi masu ɗaukar hoto a ƙofar gidan da ba a taɓa duba ko kyanwa a cikinsa ba. Lokacin ɗaukar shiri akan sauya allunan shaguna, a kawar da motocin zamani, a fito da tsofaffi. Gida mai lamba 23 a Kirkgate ya zama gidan tarihi tun 1999, an jera kwalaben nan masu launi a bayan gilashi, mutane na biyan kuɗi su gani. Asibitin da ya gaji na Wight ya koma bakin gari, daga baya ya shiga hannun ɗaya daga cikin manyan kamfanonin nan, aikinsa ya karkata ga karnuka da kyanwoyi. Peter Wright, wanda ya koyi aiki a hannun Wight da Sinclair, wanda kuma 'yan kallo suka sani ta shirin The Yorkshire Vet, ya bar wurin a 2021 bayan kusan shekara arba'in, ya koma wani asibiti a wani garin inda har yanzu ake kiran likita gona.